Ciyawar Makabartar Coci a Ƙauyukan Ingila: Wa Zai Yanke, Yaushe, Kuma Don Wa?

A kusan kowane tsohon ƙauye a Ingila akwai coci na dutse, kewaye da shi kuma akwai ɗan fili da sau da yawa bai wuce eka ɗaya ba, an zagaye shi da katanga ko shinge. A nan ake binne mutanen ƙauyen, a wasu wuraren tun shekaru 800 ko ma fiye. Cocin Ingila, wato ɗariƙar Anglika ta ƙasar, yana da majami'u kusan 16,000, kuma mafi yawan na karkara suna da irin wannan makabarta. Tun daga shekarun 1980 wannan ɗan fili ya zama abin muhawara a ƙauyuka da dama. Wasu na son a riƙa aske ciyawarsa duk mako biyu domin girmama mamata. Wasu na cewa a ƙyale ta ta yi tsawo ta yi fure, domin a cikinta akwai abin da ya ɓace a sauran ƙasar. Wanda ya ji batun daga nesa zai ce ai zancen ciyawa ne kawai. Amma a ƙarƙashinsa akwai tarihin noma, akwai doka, akwai kuɗi, akwai kuma zuciyar wanda ya binne nasa.

Asalin maganar yana gona. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, karkarar Ingila cike take da makiyaya da filayen ciyawar da ake yanka sau ɗaya a shekara a busar a ajiye wa dabbobi saboda hunturu. Ba a nome su, ba a zuba musu takin zamani, don haka tsirrai iri-iri masu fure suke zaune tare da ciyawar. Da yaƙi ya zo, jiragen ruwan da ke kawo abinci suka shiga hatsari, gwamnati ta umarci manoma su kife waɗannan filaye su shuka hatsi da dankali. Bayan yaƙin, dokar noma ta 1947 ta kawo tallafi, sai tarakta da takin zamani da maganin feshi suka ƙarasa aikin. Wani bincike da aka wallafa a 1987 ya nuna cewa daga shekarun 1930 zuwa 1984 Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin 100 na irin waɗannan tsofaffin filaye a yankunan da ba na tsaunuka ba. Garma ta shiga ko'ina, amma ba ta tsallaka katangar coci ba. Babu wanda zai nome kabarin kakansa, babu kuma dalilin zuba taki a inda ba a jiran amfanin gona. Ba da niyya aka yi ba, amma haka makabartu suka wayi gari su ne ragowar yadda ƙasar take a da.

A gundumar Norfolk, inda har yanzu akwai majami'un zamanin da fiye da 600 a tsaye, ƙungiyar kare namun daji ta gundumar ta fara shirin kula da makabartun coci tun 1981. Abin da ta gano ya isa hujja: akwai tsirrai shida na tsohuwar makiyaya da kusan rabin abin da ya rage daga cikinsu a duk faɗin gundumar yana cikin makabartun coci ne. Inda furanni suke kuwa nan ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suke, nan bushiya take farautar ƙwari da dare, nan kuma ake samun wani ƙadangare marar ƙafa da ke son ɓuya a ƙarƙashin tarin busasshiyar ciyawa.

Abin da ya fi wahalar shiga kan mutane, har da wasu masu goyon bayan shirin, shi ne cewa barin ciyawa ba shi ne kula da ita ba. Waɗannan furanni suna rayuwa ne saboda ƙasar ba ta da ƙarfi. Idan ƙasa ta yi taki, ciyayi masu saurin girma su ne ke cin moriya, su yi tsawo su shaƙe ƙananan tsirrai. A da, limamin coci yana da haƙƙin ciyawar makabarta, ko dai ya saki tumaki su yi kiwo ko a yanke a kwashe masa, kuma wannan kwashewar ita ce ta hana ƙasar yin ƙiba tsawon ƙarnuka. Yau idan aka ce an bar fili saboda halittu aka juya masa baya, cikin 'yan shekaru sai ƙaya da sarƙaƙiya su mamaye shi, furannin su tafi. Idan kuma aka bi shi da injin yanka duk mako biyu aka bar yankakkiyar ciyawar a wurin ta ruɓe, an hana furanni yin iri, an kuma zuba wa ƙasa taki. Sakaci da yawan tsafta duk wuri guda suke kai wa, bambancin kawai wanne ya fi sauri.

Tsarin da masana ke bayarwa yana buƙatar ido da haƙuri. Ana raba makabarta kashi-kashi. Bakin ƙofa, da hanyoyi, da wajen sababbin kaburburan da ake ziyarta, ana ajiye su a gajarce kullum. Inda furannin farkon shekara suke, ana ɗaga musu ƙafa har zuwa Yuni. Inda na tsakiyar shekara suke, ba a taɓawa sai ƙarshen Yuli ko Agusta, bayan iri ya zuba. Sai a yanke, a bar ciyawar ta sha iska kwana kaɗan, a tattara ta da manjagara a fitar da ita gaba ɗaya. Wannan tattarawar ita ce gadon bayan aikin, ita ce kuma mai cin jiki. Wasu ƙauyukan sun koma amfani da doguwar laujen gargajiya da ake yanka da ita a tsaye, domin ba ta da ƙara, ba ta sare bakin duwatsun kabari, kuma kwaɗi da sauran ƙananan halittu suna samun damar gudu. Ko gajeriyar ciyawar ma tana da nata baƙin: wasu irin laimar kwaɗi masu launin ja da ruwan ɗorawa ba sa fitowa sai a tsohuwar ƙasa da ba ta san taki ba, wadda ake yanke ciyawarta a kai a kai.

Akwai wata dabara da manomin gero zai gane ta nan take, ko da yake zai yi mamakin a ce ana shuka ta da gangan. Suna da wani tsiro mai rawayan fure wanda danginsu ɗaya da ƙuduji. Yadda ƙuduji ke maƙale wa saiwar gero da dawa yana tsotse su, haka shi ma wannan yake yi wa saiwar ciyawa. A wurinsu wannan alheri ne, domin idan ciyawa ta yi rauni sai furanni su samu sarari. Ana watsa irinsa a ƙarshen shekara a inda aka kankare ƙasa kaɗan, don sai ya sha sanyin hunturu yake tsirowa.

Duwatsun kansu ma gida ne. A gabashi da kudancin Ingila akwai yankuna masu faɗi da babu duwatsu a sarari, don haka bangon coci da allunan kaburbura su ne tsofaffin duwatsun da iska da ruwan sama suka daɗe suna duka. A kansu wata halitta mai kama da gansakuka take mannewa, wadda a haƙiƙa haɗin gwiwa ce tsakanin naman gwari da wani ƙaramin tsiro mai sarrafa hasken rana. Birtaniya tana da irinta kusan 2,000, kuma an samu fiye da 600 daga ciki a makabartun coci. Girmanta a shekara sau da yawa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma tun da kowane allon kabari yana ɗauke da shekarar da aka kafa shi, masu bincike na iya auna saurin girmanta. Mai son ya karanta sunan kakansa sai ya zo da burushin ƙarfe da sinadarin wanki ya goge abin da ya ɗauki shekaru 150 yana tsirowa, ya kuma ci fuskar dutsen. Sababbin alluna na goggen dutse mai sheƙi, waɗanda ake shigo da yawancinsu daga Indiya da Sin, kusan babu abin da ke iya kama su.

Sai bishiyar da suke kira yu, mai duhun ganye, wadda ba ta kaɗewa ko da hunturu. Mafi yawan tsofaffin irinta da suka rage a Birtaniya a makabartun coci suke. Ta ƙauyen Fortingall a Sikotland ana hasashen shekarunta tsakanin 2,000 da 3,000, wato ta girmi cocin da ke kusa da ita nesa ba kusa ba. Abin da ta fi buƙata shi ne a ƙyale ta: kada a haƙa kabari a kan saiwarta, kada a jibge mata ƙasa ko ciyawa a gindi, kada a gina rumbun ajiyar kaya a inuwarta.

Duk wannan ɓangaren ilimi ne, kuma shi ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne mutane. Doka ta ba duk mazaunin yankin coci haƙƙin a binne shi a makabartar, ko yana zuwa ibada ko ba ya zuwa, muddin akwai sauran wuri. Saboda haka filin na kowa ne. Matar da ta rasa mijinta bara, ta zo ranar Lahadi da furanni a hannu ta tarar ciyawa ta kai mata gwiwa, ba za ta ga wata mafakar halittu ba. Za ta ga an wulaƙanta mijinta. Mai karatu Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin mu ma da damina ta ja baya ake yin gayya a share makabarta, kuma makabartar da ciyawa ta rufe abin kunya ce ga unguwa. (Ba na cewa a ɗauko tsarinsu a dasa a namu. Macijin Ingila mai dafi iri ɗaya ne tak, kuma ba kasafai ake gamuwa da shi ba, gobarar daji ma ba ta zame musu abin fargabar kowace rani ba.) Ina ganin wannan matar tana da gaskiya, kuma duk shirin da ya mayar da ita jahila wadda sai an wayar mata da kai ya riga ya faɗi. Makabarta wurin binne mutane ce kafin ta zama komai. Tsirran sun samu mafaka ne albarkacin alfarmar mamata, don haka ba daidai ba ne a yi amfani da tsirran a taka wannan alfarmar.

Ƙauyukan da abin ya yi kyau a cikinsu su ne waɗanda suka gane haka. Suna barin doguwar ciyawa a tsohon ɓangare, inda kaburburan suka haura shekaru 100 kuma babu mai ziyartarsu. Suna yanke hanya mai tsafta ta ratsa cikinta, suna gyara gefunanta, domin mai wucewa ya ga da hannu a wurin. Suna kafa allo da ke bayyana abin da ake yi da watan da za a yi yanka. Wanda ya ce yana son hanya zuwa kabarin nasa, a buɗe masa ba tare da gardama ba. Haka ma kaburburan sojojin yaƙe-yaƙen duniya biyu, waɗanda hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ke sa wa ido a dubban makabartu a Birtaniya, dole hanyarsu ta zauna a buɗe. Ƙungiyar Caring for God's Acre, wadda ke da mazauni a Shropshire kuma ta zama ƙungiyar agaji mai zaman kanta a 2000, yawancin aikinta ke nan: koya wa 'yan sa-kai yadda za su zana taswirar makabarta, su rubuta tsarin yanka, su kuma shawo kan maƙwabta. Tun 2021 ita da Cocin Ingila da Cocin Wales da A Rocha, wata ƙungiyar Kiristoci masu kare muhalli, suke shirya mako guda a watan Yuni da jama'a ke fitowa su ƙirga tsirrai da ƙwari da tsuntsayen makabartarsu. Amfanin wannan ya wuce alƙaluman da ake tarawa. Wanda ya durƙusa da jikarsa suka ƙirga furanni iri 40 a bayan coci, da wuya ya sake kiran wurin juji.

Inda lamarin ya fi zafi shi ne jemagu. Gine-ginen zamani ba su da ramuka, tsofaffin rumbunan gona an mayar da su gidaje, manyan bishiyoyi masu kogo sun ragu, sai jemagu suka tattara a rufin coci. An ƙiyasta cewa fiye da rabin majami'un da aka gina kafin ƙarni na 16 suna da su. Dokar kare namun daji ta 1981, da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, sun haramta kashe jemage ko damunsa ko toshe masa hanyar shiga makwancinsa, kuma hukuncin na iya kai wa ɗaurin wata shida ko tara marar iyaka. A inda suke kaɗan babu wanda ya damu. Amma idan matan jemagu ɗaruruwa suka taru haihuwa daga Mayu zuwa Agusta, suna shawagi a cikin ɗakin ibada da dare, kashinsu da fitsarinsu na zuba a kan kujeru da bagadi. Fitsarin yana cin allunan tagulla da marmara da zanen bango masu shekaru ɗaruruwa. A cocin Ellerburn da ke arewacin Yorkshire, abin ya kai ga dakatar da ibada a cikin ginin a 2011. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: masanin jemagu yana zuwa ya ƙirga ya tafi, amma tsofaffin da ke shara da guga da tsumma kafin kowace ibada su ne ke nan kullum.

Daga 2018 zuwa 2023 an gudanar da wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Cocin Ingila da hukumomin kula da muhalli da kayan tarihi da ƙungiyar kare jemagu, da tallafin fam miliyan 3.8 daga asusun kayan tarihi na cacar ƙasa, ya yi aiki da majami'u fiye da 100. Abin da aka yi shi ne raba wa kowa wurinsa. A gina wa jemagu akwati a cikin rufi ta yadda za su shiga su fita ta waje ba tare da sun ratsa ɗakin ibada ba, ko a shimfiɗa silin a ƙarƙashin inda suke kwana, ko a yi wa kayan tarihi murfi. A wurare da dama an samu sauƙi. Amma kowane coci sai an yi masa nazari na musamman, sai an bi jemagun shekara da shekaru a ga ko sun karɓi sabon wurin, kuma majami'u 100 ɗigo ne a cikin dubban da ke da jemagu.

Hasumiyar coci kuma tana da wani baƙo da ya haɗa mu da su kai tsaye. Tsattsewar da ke sheƙa a ƙarƙashin rufin tsofaffin gine-ginen Birtaniya wata uku kawai take yi a can, daga Mayu zuwa farkon Agusta. Sauran shekarar a sararin samaniyar Afirka take. Waɗanda aka maƙala wa na'urar bin sawu sun nuna suna zuwa yankin Kwango, kuma a hanyar komawa suna yada zango a Afirka ta Yamma su ci ƙwari su yi ƙiba kafin su tsallaka Sahara. Yawansu a Birtaniya ya ragu da fiye da rabi tun 1995, har aka sa su a jerin tsuntsayen da ke cikin babban haɗari a 2021. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne gyaran gine-gine da ke toshe ramukan sheƙarsu. Maganin wannan yana da arha: akwatunan katako a bayan tagogin hasumiyar ƙararrawa, ba a ganinsu daga ƙasa, ba sa ɓata wa kowa ibada.

Amma ko wannan ƙaramin aikin sai da izini. Makabartar Cocin Ingila tana ƙarƙashin dokar coci, wadda sashe ce ta dokar ƙasa. Majalisar cocin ƙauye ce ke da alhakin kulawa, amma sare babbar bishiya, ko kawar da allon kabari, ko taɓa ginin, yana buƙatar amincewar manyan dayosis, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, wani lokaci har takardar izini daga alƙalin kotun coci. Wannan jan ƙafa yana gajiyar da mutane, sai dai shi ne ya hana wani mai zafin nama ya wayi gari ya kwashe duwatsun kaburbura ya jera su a jikin katanga don injin yanka ya samu hanya, kamar yadda aka yi a wurare da yawa a tsakiyar ƙarni na 20.

Daga sama, shugabannin coci sun nuna inda suka dosa. A Fabrairun 2020 babbar majalisar Cocin Ingila ta amince da burin daina ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya nan da 2030, a Fabrairun 2024 kuma ta zartar da ƙudurin kula da ƙasa da halittu, wanda Bishop na Norwich, Graham Usher, mutumin da ya karanci ilimin muhalli, ya gabatar. Ƙuduri dai ba ya riƙe manjagara. Ƙidayar 2021 ta nuna masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun sauka zuwa kashi 46.2 cikin 100, daga 59.3 a 2011, masu zuwa coci a kai a kai kuwa sun fi haka ƙaranci sosai. A ƙauyuka da yawa mutum goma sha ne ke taruwa ranar Lahadi, galibinsu masu furfura, limami ɗaya kuma yana zagaya majami'u biyar ko fiye. A Faransa ƙananan hukumomi ne ke da mallakin majami'un da aka gina kafin 1905, su ne kuma ke gyaransu. A Ingila waɗannan 'yan tsirarun ne ke neman kuɗin rufi da inshora da wutar ɗumama ɗaki. A kan wannan ne ake ɗora musu riƙon ragowar makiyayar ƙasa da jemagun da doka ta kare saboda amfanin kowa. A ganina wannan rabon bai yi adalci ba. Idan ƙasa ta yarda cewa abin da ke cikin katangar nan dukiyarta ce, to ta sa hannu a aljihu a kai a kai, ba sai an ci sa'ar wani tallafi na shekara biyar ba.

Akwai kuma wata ƙofa da ake iya rasa komai ta cikinta ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba. Idan makabarta ta cika, ana iya rufe ta a hukumance a ƙarƙashin dokar binne gawa ta 1853. Daga nan sashe na 215 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya ba majalisar coci damar miƙa nauyin kulawar ga majalisar ƙauye, ita kuma tana da wata uku ta tura shi ga ƙaramar hukuma. Ga cocin da ba shi da kuɗi ba shi da matasa, wannan sauke kaya ne. Sai dai ƙaramar hukuma ɗan kwangila take ba aikin, shi kuma yana da filayen wasa da gefen tituna da yawa a jadawalinsa. Zai zo da inji a ranar da takarda ta ce, ya aske komai, ya bar ciyawar a inda ta faɗi, domin kwashewa ba ta cikin kuɗin da aka biya shi. Makabartar da aka rufe kuwa ita ce mafi tsufa, mafi ƙarancin masu ziyara, wato wadda ta fi dacewa a bar furanninta su yi iri. Filin yana nan a ƙarƙashin dokar coci ko bayan miƙawar, don haka majalisar coci tana da bakin magana. Abin da ya rage mata shi ne ta zauna da hukuma kafin a miƙa, a rubuta taswira da watannin yanka da sharaɗin kwashe ciyawa a cikin kwangilar kanta, a kuma samu mutum ɗaya a ƙauyen da zai tari mai injin a bakin ƙofa ya nuna masa inda zai tsaya.